Ɗakin da Aka Bar wa Damina

Ranar da Zahara'u ta fita takaba, ranar aka yi gayyar baibaya a gidan. Tun hantsi maza goma sha biyu suka cika tsakar gida, wasu na yaye tsohuwar ciyawa, wasu na miƙa sabon shuci, Almu mai baibaya yana bisa jinka yana ba da umarni. Ɗaki bakwai ne a gidan. Kafin la'asar shida sun sha sabuwar ciyawa, sai ƙamshi suke.

Na bakwai shi ne nata, can kusurwar gabas, jikin hanyar mota. Ta riga ta fitar da kayanta waje, ta share, ta dama wa masu aiki fura ƙwarya guda. Suka shanye, suka sa mata albarka, suka ɗauki tsani suka nufi zaure.

Ta tari Almu a bakin ƙofa. "Malam Almu, kun manta ɗaki guda."

Bai ɗago ido ba. "Ba mu manta ba, uwar Mardiya. Shida mai gida yac ce."

Mai gidan shi ne Attahiru, wan mijinta marigayi Sama'ilu. Yana zaune gindin rumbu yana sakace. Zahara'u ta durƙusa daga nesa, ta ja mayafi.

"Yaya, jinkata ta ruɓe. Tun bara marigayi ya so a sake ta, ciwo ya kayar da shi."

"Shuci ya ƙare."

Ta dubi naɗi uku da ke jingine a bayansa.

"Wancan na rumbu na," in ji shi. Ya tofar da tsinke. "Ki ji ni da kyau. Ni ban kore ki ba. Wa yaj ji nic ce ki fita? Ɗaki ga shi nan, zauna. Amma ku mutanen daji ba ku zama wuri guda. In baibaye yau, gobe ki ji shanu sun wuce suna kuka, ki naɗe tabarma ki bi su. Ciyawata ta tafi banza ke nan."

"Shekarata goma sha tara cikin ɗakin ga, Yaya."

"To, ai kin daɗe."

Ya tashi ya kakkaɓe riga ya tafi masallaci.

Kowa a gidan ya san dalili. Tun da aka sami 'yancin kai, ma'aikatan hukumar En'e ke ta sauka Tambuwal, wannan malamin gona, wancan malamin asibiti, kowanne yana cigiyar ɗaki mai rufin kwano a bakin hanya. Attahiru ya riga ya jibge tubali bayan zaure, ya sayo kwano daga Sakkwato ya lulluɓe da zana. Wurin ɗakinta kawai yake jira. Matarsa Hauwa'u ce ta faɗa wa Zahara'u a bakin rijiya, murya ƙasa-ƙasa, sannan ta ƙara da cewa, "Kada ki ce ni nif faɗa. Kin san halinai. Ni ma zaman haƙuri nika yi."

Washegari Zahara'u ta kasa zama. Ta ɗauki faifan da take saƙawa na sayarwa, ta yi zagaye biyu ta ajiye. Ta ɗaga kai, sai ta ga sama ta huda uku a jinka. Ta fita ta dubi gabas, ga gizagizai sun fara taruwa. Ta koma ciki, ta sake fitowa. 'Yarta Mardiya, mai shekara tara, ita kaɗai ta rayu cikin haihuwa biyar, tana kwance da tarin da ya ƙi sakinta tun sanyi.

Zahara'u ta tafi wurin mai unguwa Ɗanmaliki. Ta same shi a ƙofar gida da dattawa huɗu, akwatin rediyo a tsakaninsu ana labarai daga Kaduna. Ya rage murya ya saurare ta har ta gama.

"Ba ni shiga tsakanin mutum da gidanai," in ji shi. "Amma in faɗa maki al'adar garin ga, ga dattawa shaidu. Ɗakin da mamaci yag gina da hannunai, iyalinai na ciki, ba mai fid da su muddin hayaƙi na tashi wurin. Ran da yaf faɗi wuta tam mutu, ya zama kango. Kango kuwa na mai gida na."

"Ranka shi daɗe, faɗuwar yaka jira. Ya hana a baibaye."

"Ya hana, ko bai sa ba? Da bambanci."

"To, a ba ni fili bayan gari, ko taku goma."

Dattawan suka dubi juna. Ɗaya ya yi murmushi.

"Fili sai magidanci ɗan gari," in ji Ɗanmaliki. "Ke ba magidanci ba, kuma kin san asalinki. In na ba ki, baɗi ruga ta sauka bayan gari, shanu su shiga gonaki, ni za a kira gaban hakimi. Tafi ki ba Attahiru haƙuri. Ɗan'uwan mijinki na, ba shi cutarki."

Ya murɗa rediyonsa. Mai labarai yana cewa yanzu ƙasa ta kowa da kowa ce.

Kwana uku tana yawo cikin gari. Ta fara da masu baibaya. Almu ya ce ba ya hawa ɗaki cikin gidan mutum ba da izninsa ba. Na biyu ya ce mace ba ta kiran gayya. Na uku ya amsa zai zo, da ya ji gidan wane ne sai ya tuna ƙugunsa na ciwo.

Sai ta koma neman ɗaki. Akwai wata tsohuwa da ta shekara goma tana sayen faifanta, ɗakuna biyu fayau a gidanta. Tsohuwar ta riƙe mata hannu, har da ƙwalla. "Wayyo ɗiyata, da jiya kinka zo. Awaki munka sa ciki." A gidan wani mai sayar da goro aka aiko mata daga ciki cewa ba a ba mace marar miji ɗaki, unguwar ta mutunci ce. Wani dillalin gyaɗa bai ɓoye ba. Ya ce, "Ke kam ba ki da laifi. Amma in an ba ɗayanku, ran kasuwa dangi sun cika gida da sanduna da ƙoren nono. Nan gidan 'yan gari na."

"Cikin garin ga na haihu biyar, na rufe fuɗu," in ji ta.

"Allah shi jiƙansu," ya ce, ya sauke asabari.

Rana ta huɗu ta ɗauki lauje ta shiga fadama, ta yanko ciyawa dami biyu, ta yanta ta da kanta. Da hantsi ta jawo tsani ta jingina jikin ɗaki. Ƙafarta na kan mataki na uku Attahiru ya shigo.

"Sauko."

"Yaya, huda uku kaɗai zan toshe."

"Mace bisa jinka? Ki leƙa gidajen maƙwabta, matan mutane na wanka? Nan ba ruga ba ta. Sauko tun ban tara maki jama'a ba."

Ta sauko. Ya sa aka kai tsanin gona. Ciyawar kuwa ya ce a zuba wa jakinsa, tunda cikin gidansa aka shigo da ita.

Ruwan farko ya sauka ranar Alhamis da azahar. Zahara'u ta jera ƙwarya da kasko da akushi ƙarƙashin hudojin, suka cika, ta zubar, suka sake cika. Ta ja gadon kara nan, ta mayar can, babu inda ba ya ɗiga. Mardiya ta takure jikin tukunyar ruwa tana tari kamar ƙirjinta zai tsage. Da ruwa ya ɗauke, Zahara'u ta shafa bango. Samansa ya jiƙe ya yi laushi, yatsanta ya nutse. Attahiru ya zagayo ta waje da hannu a baya, ya tsaya yana duban bangon kamar mai duba gonar da ta kusa nuna.

"Ikon Allah," ya ce. "Ruwan bana da ƙarfi."

Bayan ruwa na biyu tsaga ta fito a bangon gabas, daga sama har gwiwa. A ranar Zahara'u ta goya Mardiya duk da girmanta, ta bi fatake masu jakai zuwa Kebbe, inda ta ji labarin danginta sun yi rani.

Ta sami rugar a kan hanyar Fakku, ana tashi. Manoma sun yi shuka har bakin garke, an ba su kwana biyu su bar wurin. Maza na kora shanu, mata na kwance bukkoki suna ɗora wa takarkarai. Wanta Na'inna ya tsaya ya ji ta, sanda a kafaɗa, idonsa na kan maruƙa.

"Zahara'u, ina zan sa ki? Mu ma ga shi an tashe mu. Ɗiyarki ba ta san tafiya ba, kwana biyu cikin ruwa sai mu rufe ta a hanya. Kin auri gari, ki koma gari."

"Gari ya ce ni ta daji ce."

"Daji kuma ya manta da ke," in ji shi. Bai faɗa da mugunta ba. Ya shafa kan Mardiya ya bi shanunsa.

Ta zauna a ƙasa. Gabanta ƙanwar ubansu, Goggo Maimuna, tsohuwa mai haƙori uku, tana kwance bukkarta ita kaɗai: ta warware igiya, ta yaye zana, ta tuge sandunan da aka lanƙwasa, ta ɗaure su dami guda. Ba ta daina aiki ba har Zahara'u ta gama ba ta labari.

"Mi mai unguwar yac ce? Sake faɗa."

"Muddin hayaƙi na tashi wurin."

"Wurin yac ce, ko ɗakin?"

"Wurin, Goggo."

Tsohuwar ta yi tsaki. "Kin zauna cikin Haɓe, mutanen gari, har kin zama raguwa. Kina yawo gida-gida kina roƙon maza su rufa maki kai. Ke, wane namiji yat taɓa gina ma uwarki ɗaki? Wa yag gina wanda anka haife ki ciki? An hana ki hawa sama, an hana ki zama ƙasa?"

Ta zaro zana biyu masu kauri da ƙullin igiyar rama ta jefa mata a cinya. "Geza za ki sara don sandunan bukka, ɗanya, kada ki ɗauki busasshiya. Ki kafa da zurfi, ki lanƙwasa ƙasa-ƙasa. In hannunki ya manta, kada ki sake cewa ke ɗiyarmu ta."

Zahara'u ta dawo Tambuwal ƙafa a kumbure. Ta tarar Attahiru ya riga ya kawo magini yana auna bangonta da igiya ta waje.

"A'a, kin dawo?" ya ce. "Na ɗauka jini ya kira."

"Na dawo, Yaya."

Daga ranar, kullum da safe ta fita da gatari, ta dawo da damin itace a ka. Attahiru na zaure yana ganinta tana wucewa. Mace da itacen girki, me zai duba? Sau ɗaya ya ce, "Ɗanyen icce kika ɗebowa? Ko wuta ba ku iya ba." Ta ce zai bushe.

Cikin ɗaki kuwa, asabari a sauke, tana haƙa ramukan bukka da guntun galma. Ta kafa sanduna a zagaye, nesa da bango, ta lanƙwaso kawunansu ta ɗaure. Ranar farko biyu suka karye. Ta zauna ta dubi hannuwanta, ta sake ɗauko wasu. Rana ta uku hannun ya tuna da kansa, igiya na bin yatsu ba tare da ta duba ba. Amma sama ba ta jira ta ba. Kowace la'asar hadari na haɗuwa, kowane ruwa yana cin bango, tsagar gabas ta buɗe har ana hango masu wucewa a hanya. Ta daina saƙar faifai, ta daina zuwa kasuwa. Abincinsu ya koma kunu sau ɗaya a yini. Ba ta iya zama ko na cin abinci. Tana tsaye take sha, ido a sama. Zana biyu ba su isa ba, ta haɗa da tabarmar sallar marigayi da buzunsa. Wuta kuwa ta mayar da ita cikin kasko, ta rufe da toka, ba ta yarda ta mutu ba dare da rana.

Rana ta tara, bayan azahar, gari ya yi baƙi ƙirin. Saura gefe guda ba ta rufe ba. Ta tura Mardiya cikin bukkar, ta miƙa mata kaskon wuta, ta tsaya wajen bukkar tana ɗaure zana ta ƙarshe, ruwa na zuba mata a ka ta jinkar da ta zama rariya. Ta ji bango ya yi wani nishi. Ta ja ƙulli na ƙarshe, ta sunkuya za ta shiga.

Bangon gabas ya kife waje, kan hanya. Jinka ta rasa madogara ta zube gaba ɗaya. Wani ɓangaren bangon arewa ya faɗo ciki, ya danne mata ƙafar hagu daga idon sawu.

Ƙarar ta fito da kowa. Hauwa'u ta fito da gudu ba mayafi, ta ga tulin ciyawa da laka inda ɗaki yake, ta ɗora hannu a ka.

"Malam, da mutane ciki!"

"Sun fita tun safe," in ji Attahiru daga bakin zaure, inda ruwa ba ya taɓa shi. "Na gan ta da gatari."

"Ta dawo, ni na gan ta."

"Kada kowa shi taɓa komi. A kira mai unguwa shi shaida da idonai tukuna."

A ƙarƙashin tulin, bukkar ta lotsa amma ba ta karye ba. Ɗanyar geza ta ɗauki nauyin jinka ta lanƙwashe, ta tsaya. Zahara'u na kwance rabi ciki rabi waje. Ta ji muryar Attahiru sarai. Ta ciji leɓe, ta ja jiki har ƙafar ta zare daga ƙarƙashin laka, wani abu ya ƙara a ciki. Ba ta yi ihu ba. Ta lalubi Mardiya ta ji tana numfashi. Sannan ta lalubi kasko.

Ruwa ya shiga. Toka ta zama taɓo. Ta tona da yatsu, gawayi sanyi, gawayi sanyi, har can ƙasa wani ɗan ƙarami ya ƙone ta. Ta yage gefen zanenta inda bai jiƙe ba, ta tsinke bakin tabarma, ta kifa kai tana hurawa.

Ruwa ya tsagaita lokacin da Ɗanmaliki ya iso, laima a hannu, dattawansa a baya, rabin unguwa na biye. Suka tsaya kan hanya, gaban bangon da ya kife.

"Ranka shi daɗe, ga abin da Allah ya yi," in ji Attahiru. "Ni ban kori kowa ba, kowa shaida na. Ɗaki ya faɗi. A shaida man kango na."

Ɗanmaliki ya gyara murya. Kafin ya buɗe baki, wani daga cikin dattawan ya taɓa masa hannu ya nuna.

Daga tsakiyar ruɓaɓɓiyar ciyawa wani siririn hayaƙi ke fitowa, fari, yana karkata, yana sake miƙewa.

Almu mai baibaya ne ya fara tsallaka bangon, ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Wasu suka bi shi. Suka ɗage jinkar suka jefar gefe. Ga bukka a tsaye tsakiyar ɗakin, ƙofarta na duban hanya. Ga Zahara'u zaune a bakinta, laka har gira, ƙafa a karkace, 'yarta a jikinta, kasko a gabanta da wuta tana ci.

Ba ta dubi Attahiru ba. Mai unguwa ta duba.

"Ranka shi daɗe, muddin mi kac ce?"

Ɗanmaliki ya dubi dattawan da ya kafa shaidu da bakinsa. Ya dubi jama'a. Ya naɗe laimarsa a hankali.

"Hayaƙi na tashi," ya ce. "Ba kango ba na."

"Wagga bukka ta, ba ɗaki ba!" in ji Attahiru.

"Wuri nic ce, Attahiru. Gaban mutane nic ce." Ya juya ya tafi da sauri, kamar wanda aka kama da abin kunya.

Attahiru bai sake yi mata magana ba. Cikin mako guda tubalin da ya tara ya tashi, amma ba ɗakin haya aka gina ba. Katanga ya ja daga zaure har bayan gida, ta raba kusurwar gabas da sauran gidan, da rijiya, da makewayi, da inuwar darbejiyar da Sama'ilu ya dasa. Ya ce don sutura ne, tunda bangon hanya ya faɗi. Hauwa'u takan miƙo tulun ruwa ta kan katangar in ba ya nan. In yana nan, Zahara'u ta dogara sanda ta tafi rijiyar masallaci, don ƙafar ba ta ɗoru daidai ba, kuma ba za ta ƙara ɗoruwa ba. Tarin Mardiya ya yi sauƙi da ta sami wuri busasshe. Amma Zahara'u ba ta iya nisa da gida. Ko kasuwa ta je, rabin hankalinta na kan kasko, ta sayar da faifai biyu ta juyo tana ɗingishi, kada a ce an ga wurin ba hayaƙi.

Ɗakunan tsohuwar nan biyu har yanzu awaki ke ciki. Dillalin gyaɗa ya ba wani malamin En'e ɗaki, baƙo daga wata ƙasa mai nisa wanda ko Hausa bai iya sosai ba, bai tambaye shi asalinsa ba.

Bukkar tana nan bakin hanyar mota, tsakanin gidajen ƙasa. Masu wucewa kan rage tafiya su nuna ta da baki. Da yawansu suna cikin gayyar da ta baibaye ɗaki shida ta tsallake na bakwai, sun sha furarta a ranar.

"Kun gani ko?" suke cewa. "Shekara goma sha tara cikin gari, ba ta iya zaman ɗaki ba. Ai dama an faɗa, su ba su zama cikin gida."